Ranar da Kujerar Hagu Ta Yi Ƙara

A barandar gidanmu akwai kujerun aski guda biyu, irin masu juyawar nan da wurin ɗora ƙafa da matashin ƙeya. Kakana, mahaifin Mama, shi ya kwaso su lokacin da ya rufe shagonsa. Ta dama tasa ce. A kanta yake wuni, yana juyawa duk inda inuwa ta juya, yana gaida masu wucewa, in sun ba da baya ya kushe askin da aka yi musu. Ta hagu kuwa ba mai zama a kai. Ko baƙo ne ya nufe ta, sai Kaka ya yi gyaran murya ya nuna masa benci. Amma kullum da safe, kafin ya sha shayi, sai ya ɗauko 'yar kwalbar man keken ɗinkin Mama, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗiga wa kujerar a gindi, ya juya ta nan ya juya ta can, ya kasa kunne. In bai ji komai ba sai ya goge hannu ya koma tasa.

Kujerar ƙanensa ce. Mu muna ce masa Kaka Ƙarami, Kaka kuwa “Ƙarami” kawai yake ce masa, duk da furfurar ƙanen ta riga ta yayan fitowa. Tare suka riƙe shagon tun suna samari. Ina firamare suka ɓata. Wata rana shago cike, wani saurayi ya zauna a kujerar hagu, sai Kaka ya ce masa cikin raha ya dawo ta dama in yana son komawa gida da kunnuwansa duka biyu, don hannun Ƙarami ya fara rawa. Shago ya ɗauki dariya. Abin da ya sa maganar ta yi zafi, gaskiya ce. Ƙarami ya ajiye almakashi, ya ninke tawul, ya ce ba zai ƙara taka inda yayansa yake ba sai ranar da aka ce masa ya mutu. Ya koma wurin 'yarsa can ƙarshen gari. An yi ta kai kawo, Mama ta yi kuka a gidajen biyu, duk a banza. Kaka bai taɓa buɗe baki ya ce yana kewarsa ba. Mai kawai yake ɗigawa.

Ni kuma da na gama jami'a ina zaman jiran aiki, sai na shiga wani ajin rubuta gajerun labarai da ake yi a ɗakin karatu na unguwa. Wata rana malamar ajin ta ba mu aiki: kowa ya kashe mutum ɗaya a labari, amma kada kalmar mutuwa ta fito, ko rasuwa, ko gawa, kuma kada kowa ya yi kuka. Ta ce mai karatu ya fi jin zafin abin da ya gano da kansa. Ta hana mu agogon da ya tsaya, ta hana mu fitilar da iska ta kashe, ta hana mu busasshen ganye da ke faɗowa daga bishiya. Ta ce waɗannan sun yi aiki sun gaji, a bar su su huta. Mu nemi wani ƙaramin abu da mutumin yake yi kullum, mu nuna ranar da ba a yi shi ba. Ta ƙara da cewa kada mu ƙirƙiro kayan ɗaki daga kanmu, mu ɗauko na gaske, don mai karatu yana gane kujerar da marubuci bai taɓa zama a kanta ba.

Ban wahala wurin nema ba. Na rubuta wata yarinya da ta fito da safe ta zuba shayi kofi ɗaya fiye da yawan mutanen gidan. Tabarau yana ninke a bakin taga. Silifa tsofaffi suna jere a ƙofar ɗaki, kansu yana kallon waje. Maƙwabta suna yi wa yarinyar magana a hankali, da ladabin da ba su saba yi mata ba. Na ba da labarin kujerun biyu da man da ake ɗigawa, a taƙaice. A ƙarshe yarinyar ta jingina da kujerar hagu, kujerar ta juya, ta yi ƙara. Nan na tsaya.

Maganar kayan gaske kuwa na riƙe ta da hannu biyu. Na sa shuɗin ƙyauren gidanmu. Na sa famfon da ke kwanar layinmu, wanda aka ɗaure wa baki da roba. Na rubuta labarin da “ni” da “Kakana”. Malama ta karanta, ta cire tabarau ta goge ido, ta ce za ta aika wa shirin gajerun labarai da wani gidan rediyo yake yi ranar Asabar da hantsi. Na gyaɗa kai. A gida ban gaya wa kowa ba. Duk lokacin da na buɗe baki zan faɗa, sai in ji na tambayi ko akwai sauran sukari. Na kuma lallashi kaina da cewa ba wanda yake sauraron shirin sai mu 'yan aji.

A makon ne mura ta kwantar da Kaka. Bai fito baranda ba, kujerun suka wuni su kaɗai, kowa na wucewa yana ganinsu ta saman katanga. Gemunsa ya tsiro fari fat, don ya ce idonsa yana ruwa ba zai iya aske kansa ba, kuma tun da yake a duniya mutum ɗaya ne ya taɓa ɗora masa aska a wuya.

Ranar Asabar Mama ta tafi kasuwa. Ina wanke kofuna na ji sunana ya fito daga ɗakin Kaka, cikin muryar da ba tasa ba. Mai gabatar da shirin ne. Ya karanta labarin a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya sa wani kiɗan sarewa a ƙasa wanda ni ban nema ba. Na tsaya da kofi a hannu, kumfa na bin gwiwar hannuna. Da ya zo wurin ƙarar kujera, maimakon ya tsaya inda na tsaya, sai ya ja dogon numfashi ya ce Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marubuciyar haƙuri.

Aka kashe rediyon.

“'Yar Shiru,” in ji Kaka. Haka yake kirana. “Zo ki ga mamacinki.”

Na same shi zaune a gado, rediyo a kan ciki, idanunsa na ƙyalli, dariya da tari suna rige-rigen fitowa. Da ya samu numfashi ya tambaye ni me ya kashe shi. Na ce labarin bai faɗa ba. Ya ce hakan ya yi, don da na ce mura ce da ya kai ni ƙara. Daga nan ya fara gyara. Ya ce silifan nan da na ce tsofaffi ne na tona masa asiri a gaban gari. Ya ce kofin da na kwatanta ba da shi yake shan shayi ba, na Mama ne. Abin da ya fi damunsa shi ne ba wanda ya suma a labarin. Na ce Malama ta hana ko kuka. Ya ce malamar nan ba ta san danginmu ba.

Maganar man kujera ce kawai bai taɓo ba. Ya kewaye ta kamar yadda ake kewaye ƙurji da aska.

Ana cikin haka aka buga ƙyaure. Na leƙa ta taga. Sanƙo ne, tsohon abokin Kaka, wanda ba a ga gashi a kansa ba tun kafin a haife ni. Bayansa matar maƙwabcinmu ce, bayanta mai kantin kwana, duk sun sunkuyar da kai. Na gaya wa Kaka. Ya zauna sosai, ya gyara bargo, fuskarsa ta yi haske kamar ta yaron da aka ce yau ba makaranta.

“Shigo da su falo. Ki bar ƙofata a ɗan buɗe.”

Na ce ba zan iya yi musu ƙarya ba.

“Wa ya ce ki yi ƙarya? Shiru za ki yi. Ai sana'arki ce.”

Na buɗe musu da niyyar in faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa. Amma matar maƙwabci ta rungume ni kafin in haɗa kalma biyu, ta ce kada in yi magana, ta sani, ta sani. Suka zauna. Wasu suka ƙara shigowa, har da mutanen da ban taɓa gani ba, suna ajiye takalma a jere kusa da silifan Kaka, suna kallon silifan suna girgiza kai. Wani ya nuna wa na kusa da shi tabarau a bakin taga ya ce ga shi nan kuwa, yadda aka faɗa. Suka fara yi mini magana a hankali, da ladabin da ba su saba yi mini ba. Abin da na rubuta ne yake faruwa layi bayan layi, sai dai a wannan karon mamacin yana bayan ƙofa yana saurare.

Dariya ta taso mini daga ciki. Na cusa fuska a gyale, kafaɗuna suka kama rawa. Matar maƙwabci ta dinga bubbuga bayana tana cewa in fitar da shi, kada in riƙe, riƙewa ke kawo ciwo.

Sanƙo ne ya fara yabo. Ya ce shekara da shekaru duk mako yana zuwa shago, Kaka ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya yi ta kaɗa almakashi a iska a saman kansa, ya kakkaɓe masa kafaɗa, ya nuna masa ƙeyarsa a madubi ya tambaye shi ko a ƙara ragewa. Ya ce ba wanda ya taɓa mutunta kansa haka. Matar maƙwabci ta ce ita abin da ba za ta manta ba, bawan Allahn nan bai taɓa faɗin aibin kowa ba. Daga ɗaki wani sauti ya fito kamar an taka agwagwar roba. Na yi tari da ƙarfi na rufe shi. Mai kanti kuma, da yake ba ya iya yabo sai ya haɗa da gyara, ya ce Allah ya jiƙansa, gwani ne, ko da yake a 'yan shekarun ƙarshe layin gaban goshi yakan ɗan karkace. Na ji gadon Kaka ya motsa. Na san saura kaɗan mamaci ya fito ya kare kansa.

A daidai nan Mama ta turo ƙyaure da jaka a hannu. Ta ga takalma sun cika baranda. Kafin in kai gare ta wata mata ta riƙe hannunta ta ce sai haƙuri, uba ba ya maimaituwa. Jakar ta faɗi, lemo ya watsu yana gangarawa ƙarƙashin kujerun aski. Mama ta ratsa mutane a guje ta banka ƙofar ɗakin. Ta tarar da mahaifinta ya danne fuska da matashi, ƙafafunsa na harbin iska.

Abin da Mama ta faɗa a ɗakin nan ba zan rubuta shi ba. Rabinsa na Kaka ne, rabinsa nawa. Jim kaɗan Kaka ya bayyana a bakin ƙofa, lulluɓe da bargo, da farin gemu, ya ɗaga hannu ɗaya.

“Sannunku da zuwa. Mai kanti, wane layi ne ya karkace?”

Matar maƙwabci ta fita da takalmi ɗaya. Wani tsoho ya yi ta salati yana ja da baya har ya zauna a kan lemo. Daga baya falon ya ɓarke da dariya, irin wadda take zuwa bayan tsoro, mai sa mutum ya riƙe bango. Kaka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karɓar gaisuwar mutuwarsa da kansa, yana tambayar kowa me ya zo da shi. Wata ta ce ai labarin ne ya faɗa ƙarara cewa ya mutu. Kaka ya ce a nuna masa wurin da aka faɗa. Aka yi ta musu. Wannan ya ce ya ji da kunnensa, wancan ya ce a'a, kofin shayin ne ya sa ya gane, wata ta ce ita silifan ne suka kashe mata jiki. Kowa ya rantse an ce ya mutu, aka kuma rasa wanda zai iya tuno jimlar.

Sanƙo ne kaɗai bai yi dariya ba. Yana ta murza hularsa. Da aka ɗan lafa ya ce shi fa tun kafin ya fito daga gida ya buga wa 'yar Ƙarami waya. Ta ce masa babanta ya ji shirin da kunnensa, ya tashi ya fita ko waya bai ɗauka ba, yana hanya.

Kaka ya nemi hannun kujera ya zauna.

Mama ta sallami mutane. Da muka rage mu uku, Kaka ya ce in Ƙarami ya shigo ya gan shi a tsaye, cewa zai yi an haɗa baki da gidan rediyo an mai da shi abin dariya karo na biyu, kuma daga nan ko mutuwar gaskiya ta zo ba zai taka gidan ba. Sai kuma idonsa ya sake ƙyalli, ya ce ko ya kwanta a ja masa mayafi har kai, in ya so in Ƙarami ya gama faɗin abin da ke ransa sai ya farfaɗo a hankali, a ce dogon suma ne. Mama ta ce in ya kuskura ya kwanta, ita da kanta za ta kira masu wanka. Ya ce to a ce ya yi tafiya. Ta ce tafiyar da ya yi yau ta isa. A ƙarshe ta juyo ta dube ni ta ce wadda ta kashe shi ita za ta tashe shi: in fita baranda in tari Kaka Ƙarami, in yi masa bayani tun daga ƙofa, kafin ya ga kowa.

Na tsaya a baranda ina tsince lemo ina haɗa jimloli. Na haɗa masu kyau. Akwai wadda ta fara da ban haƙuri, akwai wadda ta fara da bayanin bambancin marubuci da mai ba da labari, yadda Malama ta koya mana.

Ya shigo ba sallama. Ya ƙanƙance fiye da yadda na san shi, ya ɓalle maɓallan rigarsa a karkace, idanunsa sun yi ja. Ya dube ni, na buɗe baki, jimlolin nan duka suka watse kamar lemon Mama. Bai jira ni ba. Ya wuce kai tsaye wurin kujerar hagu, ya ɗora tafin hannu a kan matashin ƙeyar, ya daɗe a haka. Sannan ya tura ta kaɗan.

Ta yi ƙara. Siririya, doguwa, har cikin haƙori. Tun da mura ta kwantar da Kaka ba wanda ya tuna da ita.

“Ina man?” in ji shi.

Na kawo masa kwalbar. Ya durƙusa a inda Kaka yake durƙusawa. Hannunsa yana rawa sosai, bakin kwalbar yana bugun ƙarfe, man ya zuba a siminti, ya zuba a wandonsa, kaɗan ne ya shiga inda ake so. Tagar ɗakin Kaka tana bayan kujerun. Na ga labule ya motsa. Na ji irin numfashin nan da Kaka yake ja in zai kushe aikin wani, na runtse ido.

“Ɗigo biyu ya isa,” muryar ta fito a hankali. “Ta gefen hagu take sha.”

Kaka Ƙarami bai juya ba. Ya ci gaba da kallon gindin kujerar.

“'Yar nan, muryar wa nake ji?”

“Ta Kaka ce,” na ce. “Mura yake yi.”

“Mura.”

Ya rufe kwalbar, ya dafa kujerar ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya nufi ƙyaure. Ba gudu, ba faɗa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na bi shi ban san me zan ce ba. Sai da ya kama mariƙin ƙyauren ya tsaya, ya ce mini a cikin motar haya ya yi kuka a gaban 'yan makaranta, har wata yarinya ta ba shi alewa. Ya ce rediyo ya ce yayansa ya mutu. Na ce labarin bai ce ba, ba inda aka rubuta haka. Ya ce kada in yi masa wayon 'yan boko, kujera ta yi ƙara, me ya rage a faɗa? Gaskiyarsa ce. Abin da Malama ta ce labarin zai yi, shi ya yi.

“To gaya mini,” ya ce, “a cikin abin nan, wanne ne ƙarya?”

Na ce kofin shayin ƙarya ne, ban taɓa zuba fiye da kima ba. Maƙwabta masu ladabi ma ƙarya ne, sai yau suka zama gaskiya.

“Man fa?”

“Kullum da safe. Kafin ya sha shayi. Tun ina firamare.”

“Ke kika gani, ko shi ya ce ki rubuta?”

“Bai san na gani ba.”

Bai saki ƙyauren ba, bai kuma buɗe ba. Muna nan tsaye sai ga ƙarar silifa. Kaka ya fito da bargonsa yana ja a ƙasa. Ya wuce tasa kujerar ko kallonta bai yi ba, ya hau ta hagu, wadda ban taɓa ganin mutum a kanta ba tun da ta zo gidan. Ya ɗora ƙafa, ya kwantar da ƙeya, ya ɗaga haɓa sama, farin gemun nan ya fito fili.

“Ka ga yadda na koma,” ya ce wa rufin baranda. “Mutane sun zo gaisuwa sun same ni kamar bunsuru.”

“Hannuna yana rawa,” in ji Ƙarami, yana kallon ƙyaure. “Ko ka manta? Kai ka sanar.”

Kaka ya zaro hannunsa na dama daga cikin bargo ya miƙe shi a iska. Yatsun suna karkarwa, a hankali amma a fili. Ban taɓa lura ba, ni da nake ganin na iya lura. Ashe ba ruwan ido ne ya hana shi aski ba.

“Nawa ma ya bi sahu. Ban samu wanda zai sanar ba.” Ya mai da hannun. “Zo ka yi kawai. An riga an yi mini gaisuwa. In ka yanka ni, mutane ba su yi zuwan banza ba.”

Na ga gefen bakin Kaka Ƙarami ya motsa, ya danne, ya sake motsawa. Ya ce wa ƙyauren tsohon nan ko a kabari ba zai yi hankali ba. Sannan ya sake shi, ya ce in kawo akwatin kayan aiki da ruwan zafi da tawul mai tsabta, ba irin wanda yayansa yake kira mai tsabta ba.

Na shiga da gudu na yi karo da Mama a bayan ƙofa, tana tsaye da butar ruwan zafi a hannu tun kafin a nema.

Askin ya ɗauki lokaci. Kaka Ƙarami ya wasa askar a jikin fata, ya kaɗa kumfa, ya riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya fara daga kunne. Kawuna suka fara tsirowa a saman katanga, na Sanƙo ya fi kowanne ƙyalli. Matar maƙwabci ta dawo neman takalminta ta manta da shi ta tsaya kallo. A ƙarƙashin kunnen hagu askar ta ɗan ci. Jini ya fito kamar ƙwayar gero. Kaka bai ko ƙifta ba, ya ce sauro ne.

Da aka wuce maƙogwaro lafiya, sai baki ya buɗe. Kaka Ƙarami ya ce shi yana da ƙorafi a kan labarin. Kowa an ba shi fuska, har famfon kwana an kwatanta shi, amma shi daga farko har ƙarshe kujera ne. Na ce Malama ta ce wanda ba ya nan yakan fi kowa nauyi a labari. Ya ce a gaya wa Malama ya gode, amma nan gaba a ba shi ko da hanci ne. Kaka ya ce ta cikin kumfa ai gara kujera, kujera ba ta fushi ta bar gari. Ƙarami ya ce mai aska a wuya ba ya tsokana. Suka koma kan ƙarshen labarin. Kaka yana ganin da an ƙara masa ko 'yar jimla ɗaya ta bankwana, wani abu mai hikima da za a riƙa tunawa. Ƙarami ya ce a'a, wurin da aka tsaya ya yi daidai, don da an bar yayansa ya yi magana da har yanzu ana cikin shirin.

Ya goge masa fuska, ya shafa hoda, ya juya kujerar don Kaka ya ga kansa a gilashin taga. Ta juya shiru, ba ko ƙis. Ya sunkuya ya ɗauki kwalbar man daga ƙasa, ya duba abin da ya rage, ya jefa ta a aljihun rigarsa. Mama ta ce daga ƙofa man kekenta ne. Ya ce ta sayi wani. Daga gobe shi zai riƙa zuwa yana sawa, don ya ga alama an shekara ana yi wa kujerarsa rowa.

“Ke kuma 'yar nan,” ya ce mini, “ki sani, ko ranar ta zo da gaske, kujerar nan ba za ta yi ƙara ba. Ina nan.”

Kaka ya buɗe ido ɗaya.

“Ka ga ka lalata wa yarinya labari. Yanzu sai ta nemi wata hanyar kashe ni.” Ya juyo da idon wurina. “'Yar Shiru, wannan karon a saya mini sababbin silifa tukuna.”

“Daina motsi,” in ji Ƙarami, ya kama haɓarsa ya mai da ita sama. “Na bar wani wuri.”